Tayoyin Hagu

"Maimaita abin da ka faɗa, in ji da kunnena."

Baba ne ya yi maganar, yana tsaye a tsakiyar filin da yake sayar da motoci, hannu ɗaya a ƙugu. Auta ta biyo ne daga kantin maganin da take aiki don ta karɓar wa Mama saƙo, tana jin muryar ta ja ta tsaya. Ta san halin mahaifinta. In ya ɗaga murya da sauƙi, in ya sassauta ta haka kuwa sai dai addu'a.

Wanda ake yi wa maganar yana tsugune a gefen wata farar mota, hannunsa duk kumfa. Shi ne mai ɗan wurin wankin mota na bakin titi, shi ke zuwa ya gyara wa Baba motoci kafin a jera su ga masu saye. A gidan su Auta ba wanda ya taɓa wahalar da kansa wajen riƙe sunansa. Mai Soso suke ce masa, kuma ba don yabo ba. An daɗe yana son Auta tana son sa, Baba yana yi kamar bai san zancen ba.

Ya miƙe ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Baba, wallahi ba da raini na faɗa ba, tambayata ka yi. Cewa na yi man feshin tayoyin nan yana da ƙyalli amma ba ya jimawa. Maiƙo ne kawai yake kwanciya a kan roba. Mota na tashi zai fantsama a jikin fenti, ƙura ta manne masa, ruwan sama ɗaya ya tafi da shi, taya ta dawo ja-ja kamar ba a taɓa kula ta ba."

Wata 'yar dariya ta fito daga inuwar rumfa. Manaja ne, ɗan aminin Baba, mai kula da wani babban kantin kayan ƙawata mota, mutumin da turarensa ke riga shi isa ko'ina. Shi ya kawo katan ɗin man feshin. Shi ne kuma wanda Baba yake so Auta ta saurara, ita kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa.

"Baba, rabu da shi," in ji Manaja. "Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ba da man yake ba, da ni yake."

"Ni da man nake," in ji Mai Soso a hankali. "Nawa ya fi tsada, ban ɓoye ba, aikinsa ma ya fi wuya. Amma sau ɗaya ake shafa shi ya yi watanni. Wancan kuwa duk wanki sai an sake fesawa. In aka duba da kyau, mai arhar shi ya fi cin aljihu."

Auta ta runtse ido. Ga mutum har mutum, ga haƙuri, ga ladabi, amma in aka zo maganar taya sai bakinsa ya manta da wa yake magana.

Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya nuna motarsa ta hawa, wata baƙa da yake ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu.

"Gani ya kori ji. Kai Manaja, tayoyin dama naka ne. Kai kuma na hagu. Kowa ya yi aikinsa yau, sau ɗaya tak. Ni kaɗai zan riƙa tuƙa ta, ba mai wanke tayoyin, ba mai taɓa su, har ƙarshen damina. Ranar a tara mutane a watsa musu ruwa, kowa ya gani da idonsa."

Ya juyo kan Mai Soso.

"Na san abin da ke kawo ka ƙofar gidana, ni ba makaho ba ne. In naka ya fi jimawa, ka turo manyanka, na ba ka. In kuwa ba haka ba, ka ɓata wa mutum sana'a da ƙarya a gabana, kada in sake ganin ƙafarka a filina ko a layinmu. Ka yarda?"

Auta ta so ta ce a'a. A ina aka taɓa ɗora rayuwar mutum a kan roba? Amma ba ita aka tambaya ba.

"Na yarda, Baba."

* * *

Aikin Manaja bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ko tsugunawar kirki bai yi ba, ya girgiza gwangwani, fuu, fuu, tayoyin dama suka hau ƙyalli har kana hango inuwarka a jikinsu. Dillalan filin suka ɗau sowa.

Mai Soso kuwa sai da ya ci rabin yini. Ya dirje tayoyinsa da buroshi mai tauri, kumfa ta fito ja, ya ɗauraye, ya sake dirzawa, bai daina ba sai da kumfar ta fito fara tas. Ya jira suka bushe ƙarau. Sannan ya tsiyayo wani ruwa fari kamar madara a kan ɗan soso, ya bi robar da shi a hankali har cikin rubutun da ke jikinta, ya jira, ya sake bi. Da ya gama tayoyin sun yi baƙi dai, irin baƙin sabuwar taya, amma ƙyalli babu.

"Shi ke nan?" in ji wani dillali. "Duk wannan uban gumin?"

Aka kwashe da dariya. Auta ta tafi gida, saƙon Mama ma ta manta da shi.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Taɓo ya rufe tayoyin gaba ɗaya, dama da hagu suka zama abu ɗaya, ba mai iya cewa ga abin da ke ƙarƙashi. Baba ya hana Auta da Mai Soso haɗuwa har a yi hukunci, sai dai waya, ita ma a ɓoye.

Sai Auta ta ƙirƙiro wa kanta sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe kafin ta fita aiki takan zagaya gefen motar kamar mai gyara igiyar takalmi, ta jiƙa yatsa ta goge taɓon ɗan wuri, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A hagu baƙi ke fitowa sumul. A dama ja-ja ne, a bushe. Sai ta lakato taɓo ta shafe wurin, ta fita tana murmushi ita kaɗai, har abokan aikinta suka fara tambayarta ko wani albishir aka yi mata take musu rowa.

Ana sauran 'yan kwanaki a yi hukunci Baba ya yi tafiya dubo wasu motoci. Ya bar tasa a gida, ya ba Mama makullin ta ajiye. Washegarin dawowarsa Auta ta tsuguna a hagu yadda ta saba, ta goge.

Ja.

Ta ƙara gogewa, ta matsa ta goge wani wurin. Ja, a bushe. Ta ja jiki zuwa tayar gaba, ita ma haka. Ta zagaya dama ta sa yatsa.

Baƙi sumul ya leƙo daga ƙarƙashin taɓo.

* * *

Ranar ba ta je aiki ba. Ta ce wa Mama kanta ke ciwo, ta shige ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Ta yi tunanin duniya ta rasa yadda aka yi. Ko Manaja ne ya shigo a sace? Ko idonta ne? Tana cikin haka aka turo ƙofa ba sallama.

Yaya ne, babban ɗan gidan. Shi da matarsa mai tsohon ciki suna zaune a ɗakunan baya. Tun ranar da ya ɗauki motar wani mai saye ya auka kwata da ita, Baba ya rantse in ya sake taɓa makullin mota, a gida ko a fili, ya tattara nasa ya nasa ya bar masa gidan da aikin. Kowa kuma ya san Baba ba ya amai ya lashe.

Ya mayar da ƙofa ya rufe, ya zauna a ƙasa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Auta, na hango ki ta taga da safe. Ni ne."

"Kai ne me, Yaya?"

"Da Baba ya tafi na zare makullin daga jakar Mama. Abokaina kawai zan kai wani wuri mu dawo, wallahi ba nisa. Sai na taka ƙusa. Na kai wa mai facin bakin kasuwa, na bar masa motar na je cin abinci. Ina dawowa ya tare ni da fara'a, wai ya ga tayoyin gaba sun fi cinyewa, shi ne ya yi min alheri saboda darajar Baba, ya juya su giciye yadda ake yi. Ta gaba hagu ta koma baya dama, ta baya hagu ta koma gaba dama. Dukansu ya juya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba ka ce ya mayar ba?"

"Ni ina na tuna da wata gasa? Hankalina yana kan kada Baba ya gane. Na bi ta cikin taɓo na ɓata su, na dawo na ajiye. Sai da na gan ki ɗazu kina zagaye motar abin ya faɗo min."

Ta miƙe zumbur tana neman mayafi.

"To tashi mu mayar da su. Yau. Yanzu."

"Da wane makullin? Yana aljihun Baba. In motar tana gida tana ƙarƙashin tagarsa, in tana fili tana bakin ofishinsa. Ki ɗaga mota a kan jak a tsakar gidan nan ba a ji ba?"

"To ka je ka faɗa masa gaskiya."

Yaya ya riƙo gefen mayafinta. Ƙaton mutum, sai ga hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ki dubi Allah ki dubi matata, Auta. Haihuwa yau ko gobe, ina zan kai ta? Ki dubi Mama. Ke kike kawo mata maganin hawan jini, kin fi ni sanin abin da zai faru ranar da aka watso min kaya waje."

"Ni kuma fa, Yaya? Ni wa zai dube ni?" Kuka ya ƙwace mata. "Kai ka ɗauki mota, kai ka taka ƙusa, kai ka tafi cin abinci, ni ce zan biya? Me na yi maka? Me bawan Allahn nan ya yi maka ban da gaisuwa?"

"Ke ba korar ki za a yi ba. Ki bari matata ta sauka, Baba ya ga jika zuciyarsa ta yi sanyi, ni da bakina zan faɗa masa. Na rantse miki. Amma ki roƙi mutumin nan kada ya yi magana ranar. Yana gani zai gane aikinsa. Yana buɗe baki Baba zai tambayi wa ya taɓa motar, ni kuma tawa ta ƙare."

Abin haushin, Yaya shi ya fara laƙaba wa mutumin suna Mai Soso, shi ke kwaikwayon tafiyarsa a tsakar gida ana dariya. Amma kuma shi ne yake goya ta zuwa makaranta tana ƙarama, shi yake cinye dukan da ya kamata a yi mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta tsaya da mayafi a hannu, ta kasa zama, ta kasa fita.

"Don Allah, Auta," ya sake cewa. "Ke kaɗai yake jin maganarki."

* * *

Da yamma ta karya dokar Baba ta je wurin wankin. Ɗan fili ne mai daɓen siminti, da rumfar kwano, da tiyo a nannaɗe, tsummokara a shanye a kan igiya kowanne da aikinsa. Ta same shi yana ɗauraye wata ƙaramar mota. Yana hango ta fuskarsa ta washe.

"Likita da kanta! Yau wace rana?"

Haka yake kiran ta saboda kantin magani. Sai da ta matso ya ga idanunta, ya saki tiyon ruwa na ta zuba.

Ta faɗa masa komai, tana yi tana shessheƙa. Ga mamakinta sai ya yi ajiyar zuciya, har da 'yar dariya.

"Kin tsorata ni. Ashe nawa bai gaza ba! Wannan ai mai sauƙi ne. Ranar sai in ce Baba a duba, man feshi ba ya barin taya haka. In an yi musu a kawo wata tayar, Manaja ya fesa, a wanke da sabulu a gaban kowa, a ga abin da zai rage. Ko a kira mai facin ma kawai."

"Kada ka ce komai."

Ya tsaya yana kallon ta.

"Ban ji ba."

"Roƙon ka na zo yi. Ranar ka yi shiru. In ka yi magana Baba zai kori Yaya."

Ya taka a hankali ya je ya kashe famfo. Ya daɗe a wurin ya ba ta baya. Da ya juyo muryarsa ta sauya.

"Kin san abin da kike roƙo na kuwa? In tsaya a gaban mutane a ce ni maƙaryaci ne a kan abu ɗaya da na iya a duniya. Bayan an gama kuma a raba ni da ke."

"Na ɗan lokaci ne. Yaya ya rantse in matarsa ta haihu zai faɗa."

"Ke kika gaya min Baba ba ya magana biyu."

"Na sani!" Ta durƙushe a kan jiƙaƙƙen simintin, ba ta ko damu da kayanta ba. "Na sani, wallahi na sani. Ka gaya min yadda zan yi. In ka yi magana an kori Yaya ta dalilinka, Mama ta kwanta ta dalilinka, da wane ido zan shiga gidanka? Wa zai raka ni? In ka yi shiru kuma na rasa ka. Tun safe nake juya abin nan, duk inda na dafa wuta ce. Ni ban iya komai ba, ban san komai ba, kuka kawai na iya."

"Tashi, ƙasan da ruwa."

"Ba zan tashi ba sai ka amsa min."

Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya zuba wa hannayensa ido, hannayen da sabulu ya cinye har suka yi fari-fari.

"Muna yara an taɓa watso mana kaya waje," ya ce. "Mahaifiyata na da ciki a lokacin. Har yau ban manta yadda ta zauna a kan katifa a bakin titi ba. Ba zan so in zama sanadin haka ga kowa ba, ko da wanda ba ya ƙaunata ne." Ya ɗago. "Tambaya ɗaya zan yi miki. In aka kore ni, za ki saurari Manaja?"

"Ko shi kaɗai ya rage a duniya."

"To na yi shiru."

Kukanta ya ƙaru maimakon ya ragu. Ya miƙo mata wani sabon tsumma da bai taɓa amfani da shi ba.

"Share fuskarki, Likita, kada masu mota su ce sabulu na zuba miki a ido."

Ta yi ƙoƙarin dariya, abin ya ƙi.

* * *

Ranar hukunci filin ya cika tun da hantsi. Dillalai, makanikai, direbobi, har mai shayin tsallaken titi ya bar teburinsa ya zo kallo. Auta ta tsaya a bakin ƙofar ofis. Yaya ya laɓe can bayan motoci yana ta latsa waya.

Baba da kansa ya riƙe tiyo. Ya fara da dama.

Taɓo ya zube, baƙi ya fito, ruwan yana dunƙulewa a jikin robar yana gangarewa. Fili ya kaure da sowa. Manaja kansa sai da ya ɗan yi turus, don bai taɓa ganin mansa ya wuce wanki ɗaya ba. Amma ba a koya wa ɗan kasuwa karɓar sa'a. Nan take ya gyara wuyan riga ya fara miƙa wa mutane hannu.

Baba ya zagaya hagu. Taɓo ya zube, ja ya fito, a ƙeƙashe, abin tausayi.

"Kai! Ashe mai tsadar ne na banza!"

"Rabin yini fa ya yi yana dirza!"

Baba ya ajiye tiyon, ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi Mai Soso.

"Kana da abin cewa?"

Mai Soso yana kallon tayoyin dama. Auta ta ga ya dunƙule hannu ya saki. Bai dubi inda take ba.

"Babu, Baba."

"Ka duba da kyau. Zagaya ka gani, ba sauri muke ba."

Ya zagaya. Ya tsuguna a gaban tayar dama, har ya kai yatsa kamar zai shafa, sai ya janye. Ya miƙe.

"Na ga abin da kowa ya gani, Baba."

Baba ya tsare shi da ido har mutane suka fara kallon juna. Auta ta cusa gefen mayafi a baki don kada kukan ya fito. Kalma ɗaya ce a kan harshenta, ta waiga ta hango Yaya ya zuba mata ido daga bayan mota, ta haɗiye.

"To," in ji Baba. "Kowa shaida ne. Ka san sharaɗinmu."

Mai Soso ya ɗauki bokitinsa da buroshinsa, ya russuna ya ce a gafarce shi, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Wani ya bi shi da tafi na shaƙiyanci, wasu suka taya.

* * *

Bayan la'asar ta kasa daurewa. Ta sami Baba a falo shi kaɗai, tabarau a hanci, kofin shayi a gefe ya huce bai sha ba. Ta durƙusa a bakin kafet.

"Baba, don girman Allah ka sake ba shi dama."

"Ki kwantar da hankalinki, ba zan haɗa ki da Manaja ba tunda ba kya so. Man nasa ma ba zan ƙara saye ba, ba shi da amfani."

Ta ɗago da sauri.

"Me kike kallona? Tun ba a haife ki ba nake sayar da mota. Wilin gaba na hagu yana da ƙarzuwa, ni na goge shi da bakin kwalbati bara. Ranar da na dawo daga tafiya na same shi a baya dama. Ban shiga gida ba sai da na san an juya tayoyin. Na san wanda ya ɗauki motar ma, sakaran ko kujerar direba bai mayar yadda take ba. Wannan tsakanina da shi ne, jira nake matarsa ta sauka lafiya."

Falon ya juya mata. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba, ka sani? To tunda ka sani, ai ka san shi ya ci."

"Shi ya ci. Mansa ya fi, maganarsa gaskiya ce tun farko. Shi ya sa na tambaye shi, na sake tambayarsa, na ce ya zagaya ya duba. Abu ɗaya nake jira ya ce: Baba, wannan aikina ne. Wallahi da ya faɗa, a wurin zan ce ya turo manyansa, a gaban Manaja da kowa." Ya girgiza kai. "Sai ya tsaya yana kallon guminsa a hannun wani, ana yi masa dariya, ya sunkuyar da kai. Yau taya ce. Gobe ke za a taka, ko ɗanki, ya tsaya ya ce ya ga abin da kowa ya gani. Ba zan ba wa irin wannan 'yata ba, Auta. Ina son ki da yawa."

"Ni ce, Baba!" Ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Ni ce! Ya so ya yi magana, har ya tsara yadda zai nuna. Ni na je na durƙusa masa ina kuka, na ce ya yi shiru saboda Yaya. Ba tsoro ba ne, wallahi ba tsoro ba ne. Ni na hana shi."

Baba ya cire tabarau a hankali. Ya daɗe yana kallon ta, a karon farko ta ga tsufa ƙarara a fuskarsa. Ta fara sa rai.

"Ke kika hana shi."

"Ni ce."

"Kina sane da abin da na ce zai biyo baya."

"Ina sane, Baba."

Ya sauke numfashi, ya zare ƙafarsa daga hannunta ba da faɗa ba.

"Da jiya kika zo min, da akwai magana. Yau na yanke hukunci a gaban mutane, ba ni da bakin janye shi. An ajiye miki yayanki da shi, kin zaɓa. Kada ki ce ni na raba ku."

Ya tashi ya shige ciki, ya bar ta a durƙushe.

Ba ta san yadda ta kai ɗakinta ba. Tana zama a bakin gado wayarta ta hau ruri. Shi ne. Ta ɗauka ta kara a kunne. Ta ji ƙarar ruwa a bayansa, yana wurin aiki. Muryarsa a dishe, amma yana ƙoƙarin sa mata fara'a.

"Likita, kina ji na? Kada ki damu da ni. Yayan naki dai ya tsira, ko?"